Jaruman Takarda a Garin Kuza

Littattafan komik ta bayan gida suka riƙa shigowa Jos. Babu kantin da zai ce maka ranar kaza Spider-Man na wannan wata zai iso, ka zo da kuɗinka. Kantin Challenge da ire-irensa harkarsu littattafan makaranta ce da na addini. Abin da ke faɗowa hannunmu ragowa ne: wanda 'ya'yan Turawan kamfanonin kuza suka gama da shi a Rayfield da Bukuru, da wanda yaran makarantar Hillcrest, wadda 'yan mishan suka kafa tun 1942, suka watsar in za su koma ƙasashensu, da wanda ya maƙale a cikin dilar tsofaffin littattafai daga Legas ko Anacha. Kuku ko mai gadi ya tattara ya kai kasuwa, mai saye ya baza a kan buhu, ya danne kowane da dutse, don iskar Jos ba ta da kunya. A shekarun 1980, in ka biyo Ahmadu Bello Way ka doshi Taminus, za ka ga irin wannan shimfiɗa a gefen titi, tsakanin masu gwanjon rigunan sanyi da masu gyaran agogo.

Wanda muka fi zuwa wurinsa wani dattijo ne mutumin Kudu, ya daɗe a garin har Hausa ta zauna daram a bakinsa. Ban taɓa ganin ya buɗe komik yana karantawa ba, amma ya san na kowa. Kana tsugunawa ka ce, "Baba, akwai sabo?" sai ya dube ka, ya cusa hannu ƙarƙashin tarin ya zaro ɗaya. "Ɗana, wannan naka ne, akwai aljani a ciki. Wancan bar wa abokinka, shi naushi yake so." Sabon nan da ya miƙo maka wataƙila tun 1974 aka buga shi, bangon ya yage, wani yaro a wata ƙasa ya riga ya yi wa shafin baya zane da biro. Mu dai duk abin da bai taɓa hawa buhun Baba ba sabo ne. In ya ga kana juya littafi kana laluben aljihun da babu komai, yakan ce ka koma gefe ka karanta a tsaye, kada dai ka lashi yatsa wajen buɗe shafi.

Yayyenmu kuwa kallon yara suke mana, su ce ba mu ga komai ba tunda ba mu riski zamanin Spear ba. Mujallar African Film suke nufi, wadda kamfanin Drum ya riƙa fitarwa daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970. Hotunan mutane ne na gaske aka ɗauka aka jera gida-gida, aka rubuta maganar kowa a saman kansa. Jaruminta Lance Spearman, wato Spear, baƙar fata ne ɗan gaye, da kwat da malafa da sigari a baki, ga naushi ga harbi, abokin gabarsa Rabon Zollo kuma kullum sai ya kuɓuce don a sami abin sayarwa mako mai zuwa. A kudancin Afirka ake ɗaukar hotunan, abin da yaro a Jos ko Kano bai sani ba, bai kuma dame shi ba. Ya ga mai irin fatarsa yana cin galaba, ya ishe shi.

Bayan shi aka yi Powerman, daga 1975 zuwa 1977, wanda aka shirya musamman don kasuwar Najeriya, yana fitowa duk bayan mako biyu. Tsofaffin kofensa sun kai zamaninmu, a ɗinke da zare. Jarumin baƙi ne, ga ƙarfi, ga tashi sama, amma Turawan Ingila ne suka rubuta suka zana. Masu zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland, samari ne a lokacin, daga baya suka zama manyan sana'ar: Gibbons ne ya zana Watchmen, Bolland ya zana labarin Batman da Joker mai suna The Killing Joke. Gibbons ya taɓa ba da labarin yadda aka fahimtar da shi cewa a nan tumbi alamar arziki da iko ne, kada ya ɗora wa mutum shi da nufin nuna haɗama. Wannan ban ga laifinsa ba, har gobe haka abin yake. Abin da ke min ciwo shi ne an sa an buga wa kowane gida na zanen lamba, 1, 2, 3, wai kada ɗan Najeriya ya rasa inda zai fara da inda zai bi. Yaran da ke bin layin allo daga dama zuwa hagu da asuba, su bi na boko daga hagu zuwa dama da hantsi, su ne za su ɓace a shafi mai gida shida? A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super, na barkwanci da Turancin buroka, wanda sai a ɓoye ake karanta shi saboda surar matan da ke ciki. A 1987 aka sami Captain Africa na Andy Akman. Duk sun zo mana, amma ba su ture na Amurka daga saman buhu ba.

Turancinmu bai taka kara ya karya ba, don haka karatun komik aikin gayya ne. Kowace unguwa tana da yaro ɗaya, galibi ɗan sakandare, da ake zagayewa a dakali yana fassara. Abin da ya gane ya faɗa, abin da bai gane ba ya ƙirƙira, babu mai iya ƙaryata shi. A bakinsa Doctor Strange boka ne, Ghost Rider fatalwa ce da ta samu babur, duk wanda harsashi ba ya huda shi ya sha tauri, wanda ya ɓace a gaban maƙiya yana da layar zana. Ba mu taɓa ɗaukar waɗannan jarumai a matsayin baƙi ba, saboda kafin mu gan su a takarda mun riga mun ji labarin irinsu a bakin kakanninmu, mun kuma ga 'yan tauri da idonmu ranar Sallah suna goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa. Abin da Amurkawa suka ƙara mana shi ne launi da matsattsun kaya.

Babbar masifar komik ɗin gwanjo ita ce ba ya ƙarewa. Ka samu na wannan wata, jarumi na rataye a kan wuta, na wata mai bi kuma bai taɓa hawowa Filato ba. Sai ka ji ƙishin-ƙishin wai wani yaro a Jenta yana da shi, ko a Tudun Wada, ko can Kabong. Ka ɗaura niyya ranar Asabar ka taka daga Gangare, ka yi sallama a gidan da ba ka taɓa shiga ba, uwar yaron ta ba ka ruwa ta tambaye ka ɗan gidan wane ne kai, ka ba da naka biyu a jingina ka karɓo nasa ɗaya, kwana uku. Akwai wani Hulk da ya daɗe yana yawo a tsakaninmu, an yi masa bango da takardar buhun siminti, gefensa ya sha man ƙosai har yana ɗaukar ido. Duk wanda ya taɓa mallakarsa ya rubuta sunansa a ciki ya soke na wanda ya gabace shi. In ka bi sunayen daga sama zuwa ƙasa za ka ga na Birom, na Bahaushe, na Ibo, na Angas, na Bayarabe, na Bafulatani, wani da biro ja wani da fensir. Yaro a lokacin ya san lungunan garin da ƙafarsa, kuma rabinsu neman kashi na biyu ne ya kai shi.

Kuɗi ne suka fara kashe wannan harka. Farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, sauran Turawan ma'adinai suka ƙara raguwa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, naira da a 1980 ta fi dala daraja ta fara gangarowa, takarda ta yi tsada, duk abin da ake shigowa da shi ya gagari talaka. Sannan bidiyo ya shiga gidaje. Yaron da da sai ya tara kwabbai ya je sinimar Kwararafa ko Rex ya ga Indiya da Canis, sai ga shi zaune a falon maƙwabta yana kallon Rambo. Masu shimfiɗa suka koma sayar da tsofaffin takardun jarrabawa.

Abin da ya saura kuma wuta ta cinye. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 rikici ya ɓarke, aka yi kwanaki ana kashe-kashe. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, kangonta ya shafe sama da shekara 20 a tsaye kowa na wucewa yana gani. Aka sake rikici a Nuwamban 2008, aka sake a Janairun 2010. Kowane karo mutane na ɗaure kaya su koma inda nasu suka fi yawa, har ya zama Unguwar Rogo ta waɗannan ce, Unguwar Rukuba ta waɗancan. A irin wannan gari babu uwar da za ta bar ɗanta ɗan shekara 12 ya ƙetara unguwa uku don aron littafin zane, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinta. An yi asarar rayuka da gidaje da shaguna, waɗanda ake iya ƙirgawa. Wannan hanyar aron kuwa ba ta shiga lissafin kowane kwamitin bincike ba, ta dai toshe.

Ɗan ƙanwata, wanda aka haifa bayan duk wannan, ya fi ni karanta komik nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa riƙe na takarda ba sai wanda na nuna masa. A waya yake karantawa, da babban yatsa, yana kwance. Na Japan da Koriya ya fi so: Demon Slayer, da Jujutsu Kaisen na matsafan da ke yaƙar la'anannun ruhohi, da Solo Leveling. Na Japan ɗin daga dama ake fara su, kuma ba wanda ya buga masa lamba a kan gidajen. Kashi na biyu ba ya ba shi wahala, yana gama ɗaya na gaba na jiransa, har ɗari da wani abu. Da na ba shi labarin tafiya Jenta sai ya ce, "Kawu, duk wannan wahalar a kan shafi 20?"

Wa ke gaya masa abin da zai karanta? TikTok ne da wani zauren WhatsApp na yara masu son irin waɗannan labarai. Na leƙa zauren a wayarsa, na ga sunaye irin na cikin bangon Hulk ɗin nan, Musulmi da Kirista, wasu a Rikkos wasu a Rayfield wasu ma a Fatakwal. Suna musu, suna zagin juna a kan wane jarumi ya fi wane, suna tura wa juna sabon babi cikin dare. Abin ya faranta min rai, ban ɓoye ba. Amma da na tambaye shi ko ya san gidan ɗaya daga cikin 'yan Jos ɗin, sai ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar Tokyo. Sun san abin da kowannensu ke so, uwar wani ba ta taɓa ba wani ruwa ba. Kuma na'urar da ke zaɓo masa labari abin da ya riga ya so take ƙara turo masa. Baba na Taminus yakan ce wa yaro, "Ka cika son naushi, karɓi wannan ka gwada." Waya ba ta faɗin haka.

Maganar saye kuwa babu ita. Komik ɗaya na Marvel ko DC dala 4 ne zuwa 5. Tun da aka saki naira a 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato shafi ashirin da 'yan kai ya tasar wa naira 6,000 zuwa sama, kafin kuɗin kawowa. Don haka kusan duk abin da yaran nan ke karantawa na sata ne daga shafukan intanet, su ma sun sani. Ni da na tashi a kan ragowar 'ya'yan Turawa ba ni da bakin yi musu wa'azi.

Da ya gaji da surutuna sai ya ce, "To Kawu, kai me za ka ce in karanta?" Na fara masa da Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, ɗan Legas mazaunin Amurka mai kamfanin YouNeek, wanda ya fito a 2017, kamfanin Dark Horse kuma ya karɓi buga littattafansa daga 2021. Sarauniya ce mayaƙiya a wata daula ta ƙirƙira mai suna Azzaz, a ƙarni na 15, tana fama da 'yan tawaye a cikin gida da rundunar daular Ming ta Sin daga waje. Marubucin bai ɓoye ba cewa Sarauniya Amina ta Zazzau ce ta ba shi tunanin. Zanen yaƙin yana da kyau, dawakai na gudu kamar za su fito daga shafi, labarin ba ya jan ƙafa. Amma ni da na san Zariya ban ji ƙamshinta ba. Ina neman kakaki, ina neman maroƙin da zai kwarara mata kirari har tsikar jiki ta tashi, ina neman lifidi da ɗan kwalkwali da yadda bafade ke faɗuwa gaisuwa, sai na ga fadar da za a iya ɗauka a dasa a kowace ƙasa. Ban ce Okupe ya yi laifi ba. Ya ɗauki abin da muka bari a yashe ya yi aiki da shi iyakar saninsa, kuma yaran Amurka da yawa ta hannunsa suka fara jin cewa an yi wata Amina. Na ce wa yaron ya karanta, sannan in mun je Zariya in nuna masa ganuwa ya kwatanta.

Inda Okupe ya tsaya a ƙasar da ya sani kuwa, aikin ya fi daɗi. Iyanu: Child of Wonder, wanda Godwin Akpan ya zana, labarin wata marainiya ce mai baka da kibiya da ta gano tana ɗauke da wata baiwa ta mutanen da, a wata duniya da aka gina da al'adun Yarabawa. An mai da shi katun, ya fara fitowa a Cartoon Network a Afrilun 2025. Shi ne zan ba yaro ko yarinya 'yar firamare ba tare da fargaba ba. Mai son aljanu da abin tsoro kuma ya nufi Comic Republic, kamfanin da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013, wanda ke sa littattafansa kyauta a shafinsa, ba sai an yi sata ba. Guardian Prime, mai kaya kore da fari irin tutar ƙasa, bai burge ni ba, Superman ne aka sauya wa riga. Avonome, yarinyar ƙasar Edo mai ganin ruhohi, da Eru, malamin jami'a da tsoron mutane ne makaminsa, su ne suka fi kama da abin da aka haifa a nan.

Wani abin da yayyenmu na zamanin Powerman ba za su yarda ba in an gaya musu: yanzu ɗan Najeriya ke rubuta wa Amurkawa. Nnedi Okorafor ta rubuta Shuri, ƙanwar Black Panther, a 2018. Murewa Ayodele ne Marvel ta damƙa wa Storm, mai sarrafa hadari da tsawa, daga Oktoban 2024. Shi da mai zane Dotun Akande sun fitar da Akogun a shekarar, na gumakan Yarabawa da ɗaukar fansa, jini ya yi yawa a ciki, na ce wa ɗan ƙanwata ya bari sai ya gama sakandare, na kuma san ya karanta a daren. Daga na Turawa zalla, Absolute Batman na Scott Snyder da Nick Dragotta, shi ma na Oktoban 2024, ya ba ni dariya ya kuma riƙe ni. An ƙwace wa Batman dukiyar gado da katafaren gida, an mai da shi ɗan malamin makaranta mai aikin injiniya. Ashe in ka cire kuɗin, abin da ya rage ƙato ne mai fushi, irin wanda kowace unguwa a Jos ta san ɗaya.

A duk jerin nan babu ɗaya da ke magana da Hausa, babu ɗaya da ya taka ƙasar Filato. Wannan ne ke ci min tuwo a ƙwarya, domin ba jarumai muka rasa ba. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya gwabza da Turawa sannan ya faɗa ƙasashen aljanu, a 1934 ya fito, ya girmi Superman da shekara 4. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, yaron da ya tashi ba ya iya tafiya sannan aka ba shi ƙarfin da ya fi na kowa, shi ne ainihin irin mafarin da kamfanonin Amurka ke nema ido rufe, ko da yake shi ma daga tatsuniyar Rasha aka ɗauko tushensa aka yi masa rawani. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Ga Bayajida da macijin Kusugu, ga Barbushe a kan Dala, ga 'yan dambe irin su Shago da makaɗa suka mayar abin almara tun suna raye. Ga sagau mai sandarar da hannun wanda ya ɗaga maka makami, ga baduhu. Mai zane zai shekara yana ɗiba bai ga ƙasan rumbun ba.

Jaruman namu rubutu zalla suka bi. Littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun cika teburan masu haya a Bauchi Road da wajen Masallacin Juma'a: sadaukai, matsafa, aljanu masu kai bakwai, kashi na ɗaya, na biyu, na uku. Bango ɗauke da hoton barde da dodo, ciki babu zane ko ɗaya. Yanzu ma an mai da su sauti, masu Keke Napep da teloli na sauraro a YouTube suna aiki. Masu son irin wannan labari da Hausa suna nan da yawansu, ido ne kawai ba a ba shi rabonsa ba.

In ka tambayi dalili, addini ake fara ambata, kuma akwai ƙamshin gaskiya. A Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Shaikh Isma'ila Idris, kuma wa'azin yaƙi da bori da tsibbu ya shiga jinin garin. Coci-coci ma, musamman na zamani, ba sa wasa da duk abin da ya yi kama da tsafin gargajiya. Mai zanen da ya fito da iskokin bori irin su Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima a matsayin jarumin yara zai sha tambaya daga ɓangarorin biyu. Ko a ƙasashen Larabawa, Naif Al-Mutawa na Kuwait da ya ƙirƙiri The 99 a 2006, jarumai masu siffofin da aka ɗauko daga ma'anonin sunayen Allah, sai da malaman Saudiyya suka yi masa fatawa a 2014. Sai dai marubutan littattafan yaƙi sun daɗe da gano mafita: boka da aljani suna nan da duk ƙarfinsu, amma a ƙarshe mai addu'a ne ke rinjaye, kuma ba wanda ya ƙona littattafansu a kan haka. Zanen kansa ma bai zama abin gudu ba. Dubi bayan manyan motocin da ke lodin dankali da kabeji a Farar Gada, ga zaki ga mai takobi ga gaggafa. Dubi allunan masu aski. Dubi abin da Mustapha Bulama ke yi wa 'yan siyasa a jaridar Daily Trust.

Kuma in akwai garin da ya kamata a fara, Jos ne. A nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da makarantarta, inda ake koya wa ɗalibai tsara labari hoto bayan hoto kafin a kunna kyamara, wanda shi ne rabin aikin komik. A gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952 akwai kawunan yumɓu na Nok, masu shekara sama da 2,000, idanunsu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, kitsonsu tsaf kamar jiya aka yi. Yaron da ke kwaikwayon manyan idanun 'yan Japan a bayan littafin lissafi bai san akwai salon ido na gidansu a cikin gilashi, tafiyar Keke ɗaya daga makarantarsu ba. Ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, ruwa kore shiru mai zurfin gaske, kowanne da labarin wanda ya ci da abin da ake cewa yana zaune a ƙasansa. Ga tarihin dubban talakawan da Turawa suka kwaso daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan nan tsakanin 1942 da 1944, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa, aka binne su nesa da gida. Wanda ke neman labarin fatalwa mai dalilin tashi, ga shi nan a ƙarƙashin ƙafarsa. Sannan Hausa a Filato ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Da ita ake ciniki tsakanin Birom da Tarok da Afizere, da ita ake wa'azi da waƙa a coci-coci da dama, Littafi Mai Tsarki ma tun 1932 aka fassara shi da ita. Komik da Hausar Jos zai karantu a Unguwar Rogo, ya karantu a Kabong, ba tare da kowa ya ce na waɗancan ne ba.

Hanyar sayarwa ma an riga an share ta. Mata marubutan littattafan Hausa sun daɗe suna buɗe zauren WhatsApp, ka tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki a sa ka, kullum a sako maka shafi. Babu maɗaba'a, babu dillali, babu kuɗin takarda. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Marubuciya za ta iya buga babi guda a waya tsakanin la'asar da isha. Mai zane kuwa shafi ɗaya mai kyau yakan cinye masa yini, kafin launi, wato littafi mai shafi 20 aikin wata ne cur, ga na'urar zane da ake saye da dala, ga wutar da sai ta ga dama. A wannan watan wa zai ciyar da shi? Comic Republic da ke bayarwa kyauta da aikin talla da kwangilar kamfanoni take riƙe masu zanenta, kuma kamfanonin a Legas suke. Akwai wani saurayi a wajen Dilimi da na ga ya zana ɗan dambe da hannu ɗaure, a tsaye a kan Dutsen Shere, hadari na haɗuwa a bayansa, na tsaya na daɗe ina kallo. Na ce masa ina ci gaban labarin. Ya ce, "Alhaji, sai an gama zaɓe." Fuskokin 'yan takara yake zanawa a bango da kyalle, domin su suna ba da rabin kuɗi kafin a fara aiki.